A Rage Akwatuna, A Bar Yara Su Kaɗa

Akwai wata al'ada da ta shigo makarantunmu na ƙasar Kurfai ba sallama, ta sami tabarma ta zauna, har ta fara zama doka. Ita ce auna darajar biki da tsawon akwatunan lasifika. In ƙarshen shekara ya zo, ko za a raba wa yara kyaututtuka, ko matasan gari za su yi wasa, tambayar farko a taron shiri ba ta wuce: sonon wa za mu ɗauko, kuma akwati nawa gare shi? Ba mai tambayar wane yaro ne zai kaɗa, ko me zai kaɗa. In aka jera baƙaƙen akwatuna suka fi mutum tsawo, aka tada gurup yana ruri a bayan aji, to biki ya yi armashi tun ba a fara ba.

Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina koya wa 'yan makaranta gitar bas a ranakun da babu karatun yamma. Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana malamai da iyayen yara shi ne wannan al'ada ɓarna ce. Tana cin kuɗin da ba mu da shi, tana cin kunnuwan 'ya'yanmu, sannan a hankali tana korar kiɗan hannu daga makaranta. Maganinta kuwa yana nan, kuma bai fi ƙarfin jakar littattafan ɗan firamare ba.

Na zaɓi in yi magana a kan bas ne saboda cikin kayan orkes babu mai jawo nauyi kamarta. Dalilin na kimiyya ne, malaman fizik na kolej sun san shi. Tsirkiya mafi kauri ta bas tana kaɗawa sau 41 kacal a sakan guda, tsawon igiyar sautinta a cikin iska ya ɗan haura mita 8. Kafin kunne ya ji murya mai zurfi irin wannan sai an tura iska mai yawa, tura iska mai yawa kuma sai da babbar lasifika da ƙarfin wuta. Shi ya sa tun da Leo Fender ya fito da bas ta lantarki a Amurka a 1951, masu kaɗa ta ke fama da dako. A 1969 kamfanin Ampeg ya ƙera ampilin da ake kira SVT, mai ƙarfin wat 300, wanda har gobe ake yi wa kallon sarkin ampilan bas. Kansa kaɗai ya kusa kilo 40, akwatin da ake ɗora shi a kai, mai lasifika takwas, ya haura kilo 60. In ka haɗa su ka sami babban buhun hatsi. An ƙera shi ne a zamanin da sonon manyan filaye ba shi da ƙarfin kirki, dole kowane makaɗi ya cika fili da nasa akwatin. Wancan zamani ya shuɗe, amma hoton ya maƙale a kawunan mutane, cewa makaɗi na gaske shi ne wanda bangon akwatuna ke tsaye a bayansa. Hoton nan ne ya iso mana ta talabijin da bidiyo. Mun karɓi hoton, dalilinsa kuwa mun baro shi can.

A yau, abin da wancan buhu yake yi wa sauti, ɗan akwatin da bai kai rabin kilo ba yana kwaikwayonsa. Ga yadda abin yake. Ampili ba ƙara kaɗai yake yi wa murya ba, yana canja mata ɗanɗano: ya ɗan kumbura ta nan, ya danne ta can, in an matsa masa ya yi 'yar gurnani mai daɗi. Katakon akwati da takardar lasifika su ma suna ƙara nasu. Injiniyoyi suka auna duk waɗannan sauye-sauye suka mai da su lissafi. Ɗan akwatin kwaikwayo yana karɓar sautin tsirkiya, ya auna shi sau fiye da dubu 40 a sakan guda, ya mai da kowane awo lamba, ya lissafa yadda ampili kaza da akwati kaza za su sarrafa shi, sannan ya mai da lambobin sauti, duk kafin kunne ya lura an yi wani jinkiri. Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Line 6 ya fitar da nasa, POD, wani jan abu mai siffar ƙwayar wake, tun 1998. A 2011 kamfanin Kemper na Jamus ya fito da wanda ke sauraron ampili na gaske ya kwafe muryarsa. Waɗannan na masu hali ne. Amma akwai ƙanana masu sauƙin kuɗi, irin B1 Four na kamfanin Zoom na Japan, wanda batir huɗu irin na ƙaramin rediyo ke riƙe shi awoyi da dama, ko kuma a jona shi da ɗan bankin cajin waya. A cikinsa akwai abin daidaita tsirkiya, da ganga mai riƙe wa ɗalibi lokaci, da wurin saka abin kunne.

Kada wani ya ce na zo tallar tsibbu. Ɗan akwatin nan ba ya tura iska. Ba za ka ajiye shi a tsakiyar filin makaranta ka ce mutum ɗari biyar su ji shi ba. Lasifika dole ce. Amma ai lasifika tana nan a wurin, ita ce wadda aka ɗauko don jawabin darakta da na shugaban iyaye. Abin da nake cewa shi ne a zare waya guda daga ɗan akwatin zuwa teburin haɗa sauti, bas ta fita ta inda muryar mai magana ke fita, a ba makaɗi 'yar ƙaramar lasifika a gabansa don ya ji kansa. Shi ke nan. Tun shekarun 1960, a ɗakin ɗaukar sauti na Motown da ke birnin Detroit, kai tsaye ake jona bas da tebur, kuma duniya ta yi rawa da waɗannan faya-fayai ba ta tambayi ina akwati ba. Geddy Lee, makaɗin bas na ƙungiyar Rush ta Kanada, da ya daina amfani da akwatunan bas a dandali, ya ga gefensa ya yi fayau, sai ya jera injinan busar da tufafi a wurin, daga baya ma ya sa na gasa kaji. Wasa yake yi, amma wasan na da ma'ana: ya san rabin abin da jama'a ke so daga bangon akwatuna kallo ne. In mutumin da ke cika manyan filayen Amurka ya iya sauke kayansa, me ya hana mu, da filinmu bai wuce tsakanin aji uku da bishiyar dogon yaro ba?

Mu ma fi kowa buƙatar a sauke kayan nan. Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne ta Baleyara, kuma duk wanda ya taɓa ɗora akwatin lasifika a saman motar haya ya san kuɗin kaya da fargabar rami. In ka bar kwalta ka nufi ƙauyukan Dallol, sai amalanke ko kan mutum. Tun 2020 an sha hana zirga-zirgar babura a sassan jihar Tillaberi saboda rashin tsaro, ɗaruruwan makarantu a jihar sun rufe, yaransu sun tattaro cikin garuruwa irin namu, azuzuwa sun cika maƙil. Taro ba ya kai dare yadda yake kaiwa a da. A irin wannan hali, kayan da yaro ɗaya zai rataya a kafaɗa ya kai wani ƙauye ya dawo kafin la'asar sun fi waɗanda sai an nemi ƙarti huɗu.

Ga maganar wuta. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take tura mana, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can yake zuwa. Ƙauyukanmu da yawa kuwa tun asali ba su san waya ba. Babban ampili ba ya motsi sai da gurup, gurup ba ya motsi sai da isansi, sannan rurinsa ya shiga cikin kiɗan, a ƙara ƙarar sono don a danne shi. Kuma a ina ake ajiye gurup ɗin da jarkarsa? A bayan ajin zana. Wanda ya tuna gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, inda ƙananan yara suka rasu a cikin azuzuwan kara, ba zai so ganin jarkar isansi da tsirarar waya kusa da zana ba. Ɗan akwatin kwaikwayo wat kaɗan yake ci. Shi da lasifika ɗaya mai batir a cikinta, fano guda na hasken rana ya ishe su, kuma rana ce abin da Allah Ya hore wa Kurfai ba awo.

Na taɓa zama a taron kwamitin wata makaranta inda aka kawo lissafin bikin ƙarshen shekara. Hayar sono, hayar gurup, isansi, kuɗin motar da za ta kawo su ta mayar, abincin yaran mai sono: waɗannan suka cinye mafi yawan abin da iyaye suka tara. Da aka zo kan tsirkiyar gitar yara, wadda tsatsa ta ci har tana yanka yatsa, sai aka ce a yi haƙuri sai baɗi. Ranar biki aka yi awa biyar ana girgiza ƙasa, da magariba mota ta kwashe kayanta ta tafi. Washegari makaranta ba ta mallaki ko waya guda ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuɗin nan na iyaye ne, wasu sai da suka sayar da tiyar hatsi ko 'yar kaza suka kawo. Ku iyaye, ku ɗauki alƙalami ku haɗa abin da makarantarku ta biya na haya a shekara uku da suka wuce, sannan ku aiki wani ya tambayo kuɗin ɗan akwatin nan da lasifika ɗaya mai kyau a kasuwar Yamai. Ba ni zan faɗa muku amsa ba, lissafin zai faɗa.

Amma kuɗi ana sake samu. Abin da ba a sake samu shi ne ji. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gashi masu kai saƙon sauti ga ƙwaƙwalwa, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu allura babu rubutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan guda, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai tsanani. A 2022 ta fitar da ƙa'ida cewa matsakaicin ƙara a wuraren shagali kada ya wuce desibel 100. A ma'auninta, babba zai iya jure desibel 80 har awa 40 a mako, amma in ƙara ta kai 100, rabonsa na mako bai kai rabin awa ba, kuma na yara ya fi haka ƙanƙanta. Yanzu ku tuna su wa ke zama dab da bakin akwati a bukukuwanmu. Manyan baƙi suna can ƙarƙashin rumfa. 'Yan aji ɗaya da aji biyu ne ke dafe da akwatin, suna dariya don cikinsu na rawa. Ranar Litinin yaro ya shigo aji kunnensa na shuwa, malam ya yi shifta, yaro ya rubuta abin da ba a faɗa ba, a ce masa dakiki. Mu da muke koyar da karatu da kunne, cikin harshen da yaro bai tashi da shi a gida ba, mu ne ya kamata mu fara kuka a kan wannan.

Abin takaici, yawan ƙarfin ma ba ya biyan kuɗinsa. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, ɗan bambanci ne da kunne ke ji kaɗan. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka ƙarfin wuta kusan sau goma. Wato muna biyan kuɗin buhu muna karɓar tiya. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Tamu gangar ma ba zaƙi take yi ba, ihu take yi.

Na san abin da masu sono da wasu abokaina makaɗa za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Na farko za su ce muryar kwaikwayo ba ta kai ta asali ba. A ɗaki mai shiru, ga wanda ya shekara talatin yana tsaye gaban SVT, mai yiwuwa ya ji bambanci, musamman yadda iskar akwati ke dukan bayansa. To amma mu yi wa juna gaskiya: wane ne yake da SVT a Filinge? Abin da ake kawo mana akwatuna ne da aka sha ɗinke takardarsu, da ampilan da ke kumbura sauti har ba ka bambanta tsirkiya ta ɗaya da ta huɗu. Da wannan ya kamata a gwada, kuma in an gwada, ɗan akwatin ne zai yi nasara. Mun saba cewa gani ya kori ji. A sha'anin kiɗa kam, ji ne ya kamata ya kori gani. A juya wa dandali baya, a kaɗa duka biyun, a bar kunne ya yanke hukunci.

Na biyu, kuma wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi: gyara. Tsohon ampili in ya mutu, mai gyaran rediyo na kasuwa zai buɗe shi ya sauya abin da ya ƙone. Ɗan akwatin lissafi in ƙwaƙwalwarsa ta tafi, ta tafi ke nan. Gaskiya ne, kuma duk wanda zai saya ya san da haka. Sai dai mu tambayi abin da ke kashe kaya a ƙasarmu: wutar gurup mai hawa da sauka, ƙurar hunturu, zafin bazara da jijjigar hanya. Abin da ke aiki da batir ya tsira daga na farko. Abin da ke shiga jakar leda ya kwanta a akwatin darakta ya tsira daga na biyu. Abin da yaro ke riƙewa a cinya cikin mota ya tsira daga na ƙarshe. In kuma ya mutu ranar biki, ana iya jona bas da teburin sauti ta ɗan akwatin haɗi marar batir, wasa ya ci gaba. Su kuwa ampilai masu ƙwan gilashi da ake yi wa kirari, masana'antun da ke ƙera ƙwayayensu a duniya 'yan ƙalilan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, har a 2022 makaɗan Turai da Amurka kansu suka shiga neman su ido rufe. Shawarata dai a guji jabu, a gwada kafin a biya, domin ba a sayen kifi a ruwa.

Na uku za su ce abincinsu nake so in zubar. Ko kusa. Sono yana da aikinsa, jawabi na buƙatarsa, waƙar yara na buƙatarsa. Mai sonon da ya zo da akwati biyu masu tsabtar murya, ya iya daidaita tebur, ya san inda zai tsayar da ƙara, shi za mu riƙa nema kowace shekara, kuma motarsa ma ta huta. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, domin akwai masu jin maganata su tafa da wata manufa dabam. Su ne masu cewa: tunda na'ura ta iya kwaikwayon ampili, ai sai ta kwaikwayi makaɗin ma, a huta. A kawo yaro ɗaya da kwamfuta ko 'yar kile cike da waƙoƙi, ya danna, 'yan makaranta su hau dandali su riƙa motsa baki. Wannan ya riga ya zama ruwan dare, kuma a ganina ya fi tulin akwatuna muni. Ɗan akwatin da nake magana a kai akwati yake maye wa gurbi. In babu yatsa a kan tsirkiya, shiru yake yi. Yaron da ya kuskure, kuskurensa zai fito tsaf, har ya fi fitowa. Ita kuwa kile yaron take maye wa gurbi. Makarantar da ta tara iyaye don su kalli 'ya'yansu suna motsa baki a kan waƙar wani, daidai take da malamin da ya rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa, sannan ya yi shelar kowa ya ci. Mun san sunan wannan a aikinmu.

Kuma tarihin kiɗan ƙasar nan yana gefen masu ƙaramin kaya da babban hannu. Mamman Sani, wanda shi ma ya taɓa riƙe alli, da ƙaramin organ guda ƙirar Italiya ya ɗauki kiɗansa a 1978, kiɗan da 'yan Nijar suka shekara da shekaru suna ji a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. Mdou Moctar, wanda yau ke zagaya Turai da Amurka, gitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da wayar birkin keke. Marigayi Malam Maman Barka, malamin makaranta kamarmu, da gurmi mai tsirkiya biyu ya yi suna, daga baya ya je gaɓar tafkin Cadi ya koyo biram don kada ta ɓace. Ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta nuna cewa bas ta lantarki za ta iya zama tare da molo da kalangu da ƙwarya ba tare da ta danne su ba. Iyayenmu da suka ga zamanin samariya, lokacin Janar Seyni Kunce ɗan Fandu, sun san yadda kowane yanki ke shirya 'yan wasansa watanni kafin bikin matasa na ƙasa. Abin da ake gasa a kai a lokacin shi ne waƙa da rawa da iya kiɗa. Ban taɓa jin an ba wani yanki kyauta don tsawon akwatinsa ba.

A nan ne ma ƙaramin kaya ya fi yi mana rana. In bas tana ruri ta bangon akwatuna, goge ba ya jituwa, gurmi ya zama abin kallo, mai ƙwarya ya yi ta duka a banza. In aka sauke ƙara, sai dattijon da ya iya gurmi ya sami wurin zama kusa da jikansa mai gitar, kowa na jin kowa. Ɗan akwatin an cika shi da muryoyin ampilan Amurka da Ingila, babu ƙoƙon gurmi a cikinsa, kuma ba ma buƙatar a sa. Gurminmu yana nan da ransa, wuri kawai yake nema.

Ku iyaye, na san da yawanku ba kiɗan kansa ke damunku ba, abin da ke biyo shi ne: dare, hayaniya, cakuɗuwa, yaro ya bar gida da sunan koyo ba a san inda ya kwana ba. Wanda kuma ya ce shi addininsa bai bar shi ya sa ɗansa a kiɗa ba, wannan haƙƙinsa ne, ba wanda zai tilasta masa. Amma ga wanda ya yarda, ƙaramin kaya ya mai da koyo cikin gida. Yaro na zaune a tsakar gida da abin kunne, kana ganinsa, maƙwabci bai ji ba, lokacin salla ya yi ya ajiye. Sharaɗi ɗaya: shi ma abin kunnen a rage masa ƙara, a kuma riƙa hutawa, domin kunne bai san bambancin ƙarar fili da ta ɗaki ba. 'Ya mace ma ta sami ƙofa. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad da gitar ɗan'uwanta ta koya a ƙauyensu, yau an san ta har ƙetare. 'Yan mata nawa ne a Shikal ko Bankuku ke da irin wannan kunne, amma ba za a taɓa barin su zuwa inda ƙarti ke dakon akwatuna ba?

Ku kuma 'yan'uwana malamai, a makarantar horon malamai an koya mana cewa darasi ya fi zama in yaro ya taɓa shi da hannu. To ga abin taɓawa. Danne tsirkiya a daidai tsakiyarta, kaɗawarta ta ninka, murya ta hau hawa guda cif: ga rabi, ga ninki, ga darasin lissafi. Ƙara mata ɗauri murya ta tashi, sassauta ta sauka: ga fizik. Lissafa awa nawa batir zai ɗauka in na'ura na cin wat kaza: ga aikin gida na 'yan aji huɗu na kolej. Yaron da ya riƙe bas kuma ya koyi abin da allo ba ya koyarwa cikin sauƙi, wato sauraron wani, riƙe lokaci, da yin aikin da ba a tafa masa amma in ya tsaya kowa ya watse. Wanda ya yi nisa, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen yana hannunmu.

Saboda haka ga abin da nake roƙo kafin a zauna taron shirin bikin bana. Kwamitocin makarantu su yanke iyakar abin da za a kashe a haya, ragowar a sayi abin da zai kwana a makaranta: tsirkiya, wayoyi, ɗan akwatin kwaikwayo, lasifika ɗaya mai batir, a rubuta su a littafin kayan makaranta kamar yadda ake rubuta tebura. A ja igiya tsakanin akwatin sono da yara, a sa malami ɗaya ya tsare ta, kuma in mutum biyu da ke tsaye kusa da juna ba sa jin maganar juna sai da ihu, a rage ƙara ko wane ne ya ce a ƙara. A ware aƙalla rabin lokacin biki ga abin da yara suka kaɗa ko suka rera da kansu, ko da kuskure a ciki. A gayyato makaɗin gargajiya ɗaya daga cikin gari, a ba shi kujera da makirfo da ɗan abin goro. Ƙungiyar uwaye kuma, ku da kuka fi kowa sanin wahalar kuɗin nan, in an kawo lissafi ku nemi a karanta shi da Hausa, layi-layi.

Masu son bangon akwatuna za su ce bikinmu ya zama ƙarami. Su faɗa. Uwar da ta ji ɗanta ko 'yarta na riƙe da kiɗa da yatsunta, ta kuma ji kowace kalma ta waƙar, ba za ta koma gida tana ƙirga akwati ba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Kurfai da ƙasa baki ɗaya, Ya buɗe makarantun da suka rufe, Ya raya mana yaran nan da jinsu da hankalinsu.